Yadda Ake Horar da Mafaraucin Shaiɗanu a Cikin Labari: Tambayoyin Matasan Zangon Kumasi da Amsoshinsu

Samari da 'yan mata da dama a Aboabo, Asawase da Sabon Zango sun duƙufa wajen rubuta labaran jarumai masu farautar shaiɗanu da dodanni. Wasu suna sakin nasu babi-babi a WhatsApp, wasu a Facebook, wasu kuma sun haɗa kai suna ɗaukar gajerun fina-finai da waya. Idan suka kawo mini rubutunsu in duba, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne babin horo, lokacin da ake mayar da ɗanyen yaro namijin duniya. Ga tambayoyin da suka fi yi mini da amsar da nake ba su. Duk horon da za a ambata a nan na takarda da alƙalami ne, na cikin labari.

Malam, dole ne sai na nuna horon? Ba zan iya buɗe labari da jarumina ya riga ya ƙware ba?

Za ka iya, ƙanena, kuma magabata sun yi hakan. Labarin Bayajidda bai tsaya gaya mana inda ya koyi riƙon makami ba. Amma ka lura, kafin ya isa rijiyar Kusugu a Daura ya kashe macijin nan Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa abin da zai yi aikin da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babin horo alkawari ne tsakaninka da mai karatu. Duk abin da jarumi ya koya a farkon littafi, mai karatu yana jiran ranar da zai yi masa rana. Duk abin da kuma ya yi a fagen daga wanda ba mu ga inda ya samo shi ba, za a ce ka yi mana coge.

Duk horon da na sani a fina-finan China da Japan na gan shi: tsayuwa a ƙarƙashin ruwa mai zubowa daga dutse, fasa katako da hannu. A ina zan samo namu?

A ƙofar gidanku. Wancan horon yana burge ka ne domin ya tsiro daga ƙasarsu, daga tsaunukansu da wuraren ibadarsu. Idan ka tsige shi ka dasa a unguwar Alabar, ba zai kama ba. Mu ma muna da abin da ya ishe mu har mu ba maƙwabci.

Fara da dambe. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tamau, shi ne mashi. Ɗaya hannun yana buɗe a miƙe a gaba, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, kuma wanda ya kai ƙasa an kashe shi. To, ka yi tunanin makarantar mafarauta inda sabon shiga yake shekara guda cur da garkuwa kaɗai. Ana kai masa naushi, shi ba shi da izinin ramawa, sai karewa da zillewa. Ba a ɗaure masa mashi sai ranar da manyan gidan suka kasa kai shi ƙasa. Ka ga ka sami horo, ka sami biki na ranar ɗaurin hannu, ka kuma sami yaro mai cin zuciya wanda wannan doka za ta dafa shi.

Sai fatauci, wanda shi ya haifi zangon nan da muke ciki. Kakanninmu sun yi ta takowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga, tafiyar watanni, madugu na jan ayari, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin kwana. Su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Goro kuwa ba ya son wasa: a ganye ake naɗe shi, ana yayyafa masa ruwa, ana buɗewa ana tsince wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi sauran. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa daga cikinsu suka gangaro kudu. Ka ba almajirin farautarka huhun goro ya ɗauka a ka daga Kumasi zuwa Salaga a ƙafa, da sharaɗin kada ƙwaya ɗaya ta ɓaci. Ƙafa za ta yi ƙarfi a hanya, amma ainihin abin da ake koya masa shi ne ya kula da wani abu mai rauni alhali shi kansa a gajiye yake.

Tafkin Bosomtwe yana nan kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da mu. Masuntan wurin a al'adance ba kwalekwale suke shiga ba, a kan wani falankin katako da suke kira padua suke zama, suna tuƙi da hannu. Ka ɗora jaruminka a kansa da tsakar dare, ka ce ya harba kibiya ya sami fitilar da ke bakin gaɓa. A Winneba kuma, ranar Asabar ta farkon watan Mayu, rundunonin asafo biyu, wato ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na garin, Tuafo da Dentsefo, suna shiga daji a bikin Aboakyer su kamo mazo da ransa. Kama abu da rai ya fi kashe shi wuya nesa ba kusa ba, kuma wannan darasi ne da mafaraucinka zai buƙata. Idan tsoron bisa kake so ka cire masa, ga gadojin igiya 7 na kurmin Kakum da ke rataye a tsakanin kawunan itatuwa.

In kuma ba ka da kuɗin mota zuwa ko'ina, je ka kasuwar Kejetia da hantsi ka kalli 'yan matan da ke dakon kaya a ka, yadda suke ratsa cinkoso da nauyin da ƙato zai yi nishi kafin ya ɗaga. Ba don a yaba musu suke yi ba, don abin sawa a baki ne. Wanda ya kalle su da idon rahama zai san yadda ake rubuta juriya.

Yaya, na rubuta horo mai tsanani, gudu da ɗaga duwatsu, amma abokaina sun ce bai shiga jikinsu ba. Me ya rage?

Maƙiyin ne ya rage. Ka fara sanin abin da za a farauta, sai horon ya fito daga jikinsa. Gudu da ɗaga dutse kowane soja yana yi, ba su gaya mana komai a kan dodon da ke jira ba.

Maƙwabtanmu Asante suna ba da labarin sasabonsam, wata halitta mai haƙoran ƙarfe da ke zama a kan manyan itatuwan kurmi, dogayen ƙafafunta suna reto, da su take ƙwamushe maharbin da ya bi ta ƙarƙashi. Yaron da ya tashi a ƙasar fako ya saba duban ƙasa, saboda sawu da saboda kububuwa. Wanda zai shiga kurmin sasabonsam sai an koya wa wuyansa kallon sama. Malaminsa ya rataye ƙoren toka a rassan rimi, ya riƙa sake su babu sanarwa. Ranar da yaro ya ratsa kurmi ya fito kansa babu toka, ya haye wannan matakin.

Suna kuma da mmoatia, 'yan gajerun mutanen daji masu ƙafafu a juye baya, da fito suke magana. Sawunsu ƙarya yake yi: inda ya nuna sun tafi, daga can suka fito. Mai bin su dole ya daina gaskata siffar sawu, ya koma karanta inda ciyawa ta kwanta, inda raɓa ta kakkaɓe, inda yanar gizo-gizo ta tsinke. Wannan horo ne na ido da haƙuri, kuma babi guda a kansa zai fi goma na ɗaga dutse daɗin karatu.

Amma wanda na fi so shi ne namu, shaiɗan mai rikiɗa, wanda ke kiran mutum cikin dare da muryar wanda yake ƙauna. Tun muna yara ake ce mana kada mu amsa kiran da ba mu ga mai yin sa ba. To, a kwantar da almajiri shi kaɗai a dawa, a sa gwanin kwaikwayon murya ya yi ta kiransa daga duhu, yau da muryar abokinsa, gobe da muryar ƙanwarsa tana kuka. Idan ya tashi ya faɗi jarrabawa. Sannan ka tuna da al'adarmu: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kunya take yi. Idan jaruminka ɗan fari ne, ranar da ya ji muryar mahaifiyarsa tana kiran sunansa na yanka ɓaro-ɓaro a tsakiyar kurmi, nan take zai san ba ita ba ce. Babu takobin da ya cece shi, tarbiyyar gidansu ce ta cece shi. Irin wannan ba za ka same shi a fim ɗin kowace ƙasa ba.

Jarumata da dare take farauta. Yaya zan nuna ta koyi gani a duhu ba tare da na ba ta idon mage ba?

Ki ba ta ilimin da gaskiya ne, ƙanwata. Idon ɗan Adam yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma haske mai ƙarfi na ɗan lokaci yana rushe wannan sabon. Saboda haka malamarta za ta hana ta kallon wuta idan dare ya yi, ta koya mata rufe ido ɗaya duk lokacin da za ta kunna aci-bal-bal. Haka kuma a duhu gefen ido ya fi tsakiyarsa gani: tauraro mai dishi-dishi idan kin ƙura masa ido sai ya ɓace, idan kin ɗan kau da kallo sai ya dawo. Mafarauciyar da ta san haka ba ta kallon abu kai-tsaye, gefensa take kallo. Ki gwada da kanki a tsakar gida ranar da aka ɗauke wuta, sai ki rubuta abin da kika gani.

Ki haɗa mata da kunne da hanci. Shirun kwaɗi da gyare a wurin da ya kamata su cika da kuka ya fi kowace ƙara ban tsoro.

Na ga yawanci ana nuna duka da yunwa da hana barci. Ba gwargwadon azaba gwargwadon taurin jarumi ba ne?

A'a, kuma a nan nake yawan saɓa wa matasanmu. Azaba ita ce mafi arhar abin da marubuci zai zuba a takarda. Shafi na farko mai karatu zai ji tausayi, na uku zai gaji, na biyar zai fara tsanar malamin da ke horon.

Dubi shaɗin Fulani. Saurayi yana tsayawa a gaban jama'a, ƙirji a buɗe, a zabga masa tsumagiya, shi kuma ba zai ƙifta ba, ba zai motsa ba. Abin da jama'a suka taru su gani shi ne fuskarsa. Akwai ƙa'ida, akwai manya masu sa ido, akwai ranar ramuwa. Idan ka ɗauki bulalar ka bar ƙa'idar, zalunci ka rubuta, kuma zalunci matsorata yake haifarwa ko mugaye.

Jiki ma yana da dokarsa. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, bayan an wahalar da ita. Ƙashi yana ƙara ƙarfi idan ana ɗora masa nauyi sannu a hankali, idan aka yi masa gaggawa tsagewa yake yi. Mutum yana sabawa da aiki a zafin rana cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma babu wanda yake sabawa da rashin ruwa. Hana barci kuwa shi ne mafi muni ga irin wannan jarumin: wanda ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba yana fara ganin abin da babu shi, yana jin muryoyi. Ka yi tunani, mutumin da aikinsa shi ne bambance inuwa da shaiɗan, ka lalata masa wannan ma'aunin da hannunka, sannan ka miƙa masa makami. Malami nagari a labarinka zai kori almajiri ya je ya kwanta. Zai tabbatar ya sha koko da ƙosai da safe, ya ci tuwon zafi da dare. Idan kana son nuna hana barci, ka nuna shi sau ɗaya, da gangan, domin yaro ya san yadda ƙwaƙwalwarsa take yaudararsa, ya gane alamar idan ta zo masa a dawa.

To tsoro fa? Jarumi ya kamata ya ji tsoro?

Ya kamata, har ranar da zai ajiye baka. Wanda ba ya jin tsoro ba ya daɗewa a wannan sana'a. Abin da ake koya masa shi ne ya yi aiki tsoron na jikinsa. Numfashi shi ne mabuɗi: fitar da iska a hankali, fiye da tsawon shaƙarta, yana sassauta bugun zuciya. Kuma a bi mataki-mataki. Yau ya tsaya kusa da gidan namun daji na Kumasi da magariba lokacin da jemagu ke tashi su rufe sama, wani watan ya kwana a bakin kogo, sai daga baya ya shiga ciki.

Kada ka manta da kirari da kiɗa. Maharbi ko ɗan dambe da makaɗinsa ya kama takensa, wani mutum yake komawa. Ka sa kowane almajiri ya nemi kirarinsa da gumi, layi ɗaya bayan kowace jarrabawa da ya ci, har ya zama idan ya tsaya a gaban dodo ya fara jero shi, tarihin duk abin da ya tsallake yake tuna wa kansa.

Kawu, zan iya sa layu da guraye da maganin tauri? Kuma ta yaya ba za su sa jarumi ya fi ƙarfin labarin ba?

Suna cikin tarihinmu, babu mai share su. Mun gaji sunayensu: layar zana da baduhu na ɓacewa, sagau mai sandarar da hannun abokin gaba, kau-da-bara mai sa makami ya kuskure, kambu a dantse, guru a ƙugu. 'Yan tauri har yau suna fitowa da wuƙaƙensu a bukukuwa a ƙasar Hausa. A nan Kumasi ma, Turawan da suka zo a 1817 sun tarar da malamai Musulmi a garin, kuma layunsu suna da daraja ƙwarai a wurin mayaƙan Asante. Batakari kese, rigar yaƙin Asantehene, sarkin Asante, lulluɓe take da layu.

Dabarar ita ce kowane asiri ya zo da sharaɗinsa, kuma kiyaye sharaɗin ya zama shi ne horon. Dama haka ake ba da labarinsu: kowane magani da abin da ke karya shi. Ka ƙirƙiro naka. Layar ɓacewa tana aiki muddin mai ita bai yi ƙarya ba tun wayewar gari. Maganin ƙarfe yana sakin wanda ya fara zare wuƙa cikin fushi. Da zarar ka yi haka, shaiɗan ba zai ɓata lokaci wajen sararsa ba, zai nemi hanyar sa shi ya yi ƙarya ko ya fusata, kuma faɗan ya tashi daga fata ya koma zuciya.

Ka bar wa ilimin daji nasa gurbin. Maharbanmu sun san kwankwani, tsiron da ake dafin kibiya da shi, wanda ke tsayar da zuciya. Almajirin da ya shekara yana bin tsohon maharbi yana koyon wane ganye ke tsayar da jini, wane saiwa ke kashewa, ya fi wanda aka rataya wa laya ashirin a dare ɗaya kama da gaske. Makaminsa kuma a ƙera shi a gabanmu. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, ya ji ƙarar guduma ya san yadda zai rubuta wannan babin.

Malam, babana ya ce irin wannan rubutu wasa da aljanu ne. Me zan ce masa?

Ka saurare shi da ladabi, domin damuwarsa tana da tushe. Mu Musulmi mun yi imani da samuwar aljanu. Akwai sura guda da sunansu, ta 72, kuma a cikinta aka faɗi cewa wasu mutane sun kasance suna neman tsari da wasu aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Alƙur'ani ya kuma gaya mana a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba, kuma Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu.

Shawarata biyu ce. Ka ƙirƙiro dodanninka da dokokinsu, yadda tatsuniya ta yi da Dodo, kowa ya san ƙage ne. Sannan kada ka mayar da ayoyi da addu'o'i harsashin bindiga, jarumi ya karanta wuta ta fito. Idan jaruminka yana karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta, ya karanta yadda kai da ni muke karantawa, don neman tsarin Allah. Abin da ya shige maka duhu kuma, ka kai wa malamin unguwarku tare da rubutun a hannu.

Mace za ta iya zama mafarauciya, ko mutane za su ce ƙaryar ta yi yawa?

Wanda ya ce haka ki tuna masa da Amina ta Zazzau, ki kuma nuna masa hanyar Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900. A Dahomey akwai rundunar mata zalla, kuma baƙin da suka je Abomey sun ga yadda suke haye shingen ƙaya babu takalmi a lokacin atisaye.

Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki rubuta namiji ki ɗaura masa ɗankwali. Ki bar ta da abin da rayuwar mace ta koya mata. Wadda ta saba shiga gidaje tallan waakye, wato shinkafa da wake, ta san sirrin unguwa fiye da kowane ɗan sintiri, ta san gidan da aka daina dariya, ta san yaron da ya rame. Shiga lungun da namiji ba zai iya shiga ba makami ne.

Wata nawa ya kamata horon ya ɗauka, kuma wane irin malami zan ba shi?

Shekaru. Azumah Nelson ya ci kambun damben boksin na duniya a 1984, Ike Quartey a 1994, kuma kafin duniya ta ji sunayensu sun daɗe suna zubar da gumi a Accra babu wanda ya san da su. Ba sai ka rubuta kowace rana ba. Ka bar yanayi ya ƙirga maka: hunturu ya zo leɓe ya tsage, damina ta sauka rafin Subin ya cika, azumi ya zagayo, yaron da ke kallon ƙirjin malaminsa yanzu yana kallon tsakar kansa.

Malamin kuma ya kasance mai tabo, wanda ya taɓa rasa almajiri, shi ya sa yake da tsanani. Ya kasance yana da sana'a a gari, mahauci ko maƙeri ko mai gyaran takalmi, mutane na wuce shi kullum ba su san ko wane ne ba. Kuma kada ya horar da mutum ɗaya tilo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: ɗaya mai ido, ɗaya mai kunne, ɗaya mai sanin magani, ɗaya makaɗi da ke aika saƙo da kalangu daga nesa.

Wace jarrabawa ce ta ƙarshe, wadda idan ya ci ta ya zama cikakken mafarauci?

Yawancinku kuna sa shi ya kashe babban dodo. Ni ba haka zan yi ba, kuma ina da dalili mai nauyi.

A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 duka har ta mutu, da rana tsaka, a gaban jama'a, saboda an ce mayya ce. A Gambaga da wasu garuruwan arewa akwai matsugunan mata da aka koro daga gidajensu da irin wannan zargi, yawancinsu tsofaffi ne da zawarawa marasa mai tsaya musu. Waɗanda suka ɗaga hannu a kansu duk sun ɗauka mugun abu suke farauta. Mu da muke rubuta labarin mafarautan shaiɗanu a ƙasar da wannan ya faru, ba mu da ikon yin kamar ba mu sani ba. Yara ne suke karanta mu.

Saboda haka ga jarrabawar da nake so in gani. A aika almajiri wani ƙauye inda yara ke mutuwa, kowa ya nuna bukkar wata tsohuwa. An ɗaure masa mashi, kirarinsa ya cika, jama'a na yi masa guɗa, makami na hannunsa. Duk abin da aka koya masa a baya yanzu zai yi aiki: sawun da ke ƙarya, muryar da ba ta mai ita ba, kallon gefen abu, kama mazo da rai, kula da goro a cikin gajiya. Ya bincika ya gano rijiyar garin ce ta gurɓace. Ko ya gano shaiɗan na nan da gaske, amma a bakin mai nuna yatsa yake magana. Sannan ya juya ya tsaya a ƙofar bukkar, bayansa ga tsohuwa, fuskarsa ga mutum ɗari masu sanduna waɗanda ɗazu suke yabonsa, kuma ba shi da izinin zubar da jinin ko ɗaya daga cikinsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne gwanin kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Shekarar nan da ya yi da garkuwa kaɗai, domin wannan rana aka sa shi.

Haka nan ka koya wa jaruminka sanin ciwo. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali marasa lafiya ne, magani suke buƙata, ba sarƙa da bulala ba. Ƙasar nan tana da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, akwai sashen da ke duba su a asibitin Komfo Anokye, akwai asibitin Pantang a Accra. Mafaraucin da ya goya mara lafiya ya kai shi wurin mai magani ya cancanci babi guda cikakke.

Muna so mu ɗauki fim ɗin babin horon, kuma ƙannenmu sun fara kwaikwayon abin da muke rubutawa. Me za mu kiyaye?

Ku tara ƙannen ku gaya musu ƙarara cewa wuƙa tana yanka, ko wane ne ya ba su abin sha ya ce ba za ta yanka ba. Kada kowa ya sha saiwa ko garin da bai sani ba, kada a gwada riƙe numfashi a ruwa, kada a hau itace ko rufin gida don hoto, kada a shiga tafki ko kurmi da dare. Wanda yake son ƙarfin gaske ya je wurin mai koyar da dambe ko kokawa ko ƙwallo, inda babba yake tsaye a kansa.

Don fim kuwa, kafintocin Sokoban za su sassaƙa muku takobi da wuƙa na katako, ku shafa musu fentin azurfa. Bulala a kan buhun hatsi ake zabga ta a ɗauki ƙarar, sannan a ɗauki fuskar ɗan wasa daban a haɗa. Duwatsun ɗagawa a yi su da katifa a shafa toka da siminti. Fitowar dare ku ɗauke ta da magariba ko da asuba, ku rage hasken a waya daga baya. Kafin ku kafa kyamara a kowane lungu ku nemi izinin mai unguwa da masu gidajen wurin, kuma duk yaron da zai fito a ciki a fara sanar da iyayensa.